Lamunin Hajja Dije

Na shiga Madina da riga ɗaya a jikina da jakar leda a hannu, ledar ma ba tawa ba ce. Direban babbar motar da ya rage min hanya daga Jidda ne ya ba ni ita da ragowar gurasa a ciki. A farkon shekarun 1980 ne. A lokacin mutanen garinmu Kazaure sun ɗauka duk wanda ya taka ƙasar Saudiyya da takardar aiki, shebur kawai zai saya ya fara kwasar riyal. Ba zan yi wa kowa dariya ba, don ni ma da wannan tunanin na sauka.

Wanda ya fara wanke min ido kuwa ɗan'uwana ne Bahaushe. Kamfanin da ya ɗauke ni aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Madina yake, kuma babu wanda ya zo tarbata a Jidda. Ina tsaye a tasha ina rarraba ido, sai ga wani mai farar jallabiya da ƙamshin turare ya rungume ni kamar nono ɗaya muka sha. Ya ce ya san Kazaure, har ya tambaye ni ko ruwan dam ɗinmu yana nan. Ya zaunar da ni ya saya min shayi. Ya ce kuɗin Najeriya idan baƙo ya kai canji da kansa cutarsa ake yi, in kawo ya canzo min wurin abokinsa, akwatin ma bari ya ajiye min a shagon don ɓarayi sun yi yawa. Na miƙa masa duka biyun. Shayin ya huce, aka yi azahar, aka yi la'asar. Har yau abin da ke ƙona min rai ba akwatin ba ne, godiyar da na yi ta zuba masa ce, har da sa masa albarka. Fasfo da takardar kamfani ne kawai suka tsira, saboda suna aljihun ƙirjina.

Da motar ta shigo gari na hango koriyar ƙubbar masallacin Annabi, kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa. Amma kuka ba ya cika ciki. A ofishin kamfani a Aziziyya aka karɓi fasfona, aka ce albashi sai ƙarshen wata, aka nuna min katifa a wani ɗaki a unguwar Ƙurban da nake rabawa da 'yan Nijar biyu da wani ɗan Chadi. Mutanen kirki ne, sun sa ni a kwanonsu. Sai dai kwanon nasu ma da kyar yake kai su, ni kuma hannuna yana nauyi a abincin da ban sa ko sisi ba.

A bakin lungunmu akwai wata tsohuwa da ke zama a ƙofar gidanta da faranti uku, soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji. Kullum na wuce sai in gaishe ta da guntun Larabcin da na tsinta, ta amsa da Larabci. Wata safiya na fito da rigata da na wanke ba ta gama bushewa ba, sai na ji an ce da Hausa tangaran:

"Kai ɗan nan, rigar nan taka ba ta da ƙanwa ne?"

Na tsaya cak. Ta yi dariya har tana riƙe mayafi.

Sunanta Hajja Dije. Iyayenta mutanen Katsina ne da suka taho aikin hajji a ƙafa, suna tsayawa noma a hanya, aka haife ta a Sudan, ta shigo Madina a goye. 'Yar ƙasa ce da takardunta, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakata ce, har da kalmomin da mu mun daina faɗa. Mijinta ya rasu. Ɗanta ɗaya Usman yana tuƙa tasi, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa.

Ta sa na zauna na ba ta labarin Jidda. Ba ta yi salati ba, ba ta ce wayyo ba. Ta rufe farantanta ta ce, "Tashi mu je, ya waladi."

Ta kai ni baƙalar unguwa, wato kantin kayan masarufi, wurin wani dattijo Bahadrame, mutumin Yaman, da ake kira Ammu Salim. Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Haza waladi. Ala wajhi." Shi ke nan. Bai tambayi sunan ubana ba. Ya auna min shinkafa da sukari da ganyen shayi, ya ɗora sabulu, ya aiki maƙwabcinsa ya kawo jallabiya biyu.

A hanyar dawowa na ce, "Inna, me kika gaya masa?"

"Na ce ɗana ne, ya ba ka a kan fuskata. Nan garin haka ake yi. Baƙo ba shi da fuska, sai an ara masa." Ta tsaya ta dube ni. "Ka ji da kyau, Mamuda. Abin da duk ka ɗauka da sunana, a wuyana yake har ka biya, a wurin mutane da a wurin Allah. Iyayena sun taka ƙasa shekara da shekaru don su kwanta a maƙabartar Baƙi'a. Ni ma can nake so in kwanta, babu riyal ɗin kowa a wuyana. Ba ni da wani buri bayan wannan."

Na rantse mata har da dafa ƙirji. Kuma da albashin farko ya fito, kafin in shiga ɗaki sai da na biya Ammu Salim tas.

To, a nan ne abin ya fara yi min daɗi. Na lura duk inda na shiga a unguwar, da an ce yaron Hajja Dije ne sai a ce ɗauki, ka kawo ƙarshen wata. Mai yadi ya ba ni. Mai takalma ya ba ni. Mutumin da ya shigo gari da ledar aro, yau ga shi yana nuna kaya da yatsa ana naɗe masa. Na fara jin kamar kuɗina ne ke zaune a shagunan mutane suna jirana.

Sai lokacin aikin hajji ya zo, alhazan Kazaure suka iso ziyara. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane nauyin wannan ba. Ba a barin alhajin garinku ya koma hannu sake. Kowa ya zo da gaisuwa, kowace gaisuwa kuma da jela. Ka aika wa kawu agogo, to baffa fa? Ka aika wa surukarka darduma, ƙanwarta ta ji. Ga mahaifina yana son rediyo mai kaset. Ga matata Hanne, da na baro da ciki, ta haifi 'ya mace an sa mata Asma'u, ni ban gan ta ba. Na ƙudurta sai na aika wa Hanne keken ɗinki, don duk garin su san mijinta ba yawon banza ya tafi ba.

Irin wannan kaya sai tsakiyar gari, kusa da Harami, a shagon wani ɗan kasuwa Abu Faisal. Mutum ne mai fara'a da taushin murya. Ya ce ba sai na biya a take ba, akwai taƙsiɗ, wato kowane wata in kawo wani ɗan abu da zai yanka min, sai dai farashin ya ɗan fi na mai biya hannu da hannu. Amma shi ba ya bayarwa sai da mai lamuni, kuma sai mai lamunin ya zo ya faɗa da bakinsa.

Hajja ta hau bas ta zo. Ta shafa kan keken ta ce min da Hausa, "Hanne ta iya ɗinki?"

"Za ta koya, Inna."

Ta janye hannunta daga kan keken. Sannan ta juya ta faɗa wa Abu Faisal kalmomin nan biyu, "Ala wajhi", ta fita ba ta ko sha shayin da ya kawo ba.

Abin da ban gane ba a lokacin, kuma na ga mutane da yawa har yau ba su gane ba, shi ne wannan. Abin da Abu Faisal ya yanka min kowane wata ƙarami ne, ba ya ciwo. Ina biya ba fashi, sai in riƙa jin ni mutumin kirki ne. Amma duk lokacin da na kai, sai ya yi murmushi ya ce ai yanzu na rage, akwai fili, ga sabon agogo ya zo, ga fanka. In ɗauka. Shekara ta zagayo, wasu alhazan suka zo, na ƙara. Ina biya ta ƙofa, ina ɗauka ta taga, jimlar ba ta taɓa sauka ba, hawa ma take yi. Ban sake kawo Hajja shagon ba, shi ma bai nema ba. Ƙofar da ta buɗe min ce, duk abin da ya fita ta cikinta da sunanta ya fita.

Daga gida kuwa kaset ake aiko min, tunda mahaifina da Hanne ba sa rubutu. Ran Juma'a bayan masallaci nakan hau soron gidanmu in kunna. Mahaifina ya sa albarka, dangi su bi layi kowa ya yi godiya ya rataya sabuwar buƙata, can ƙarshe a sa Asma'u ta ce "Baba", ta ƙi, a ji ana lallashinta, sai ta fashe da kuka. Wannan kukan nake mayarwa baya in sake ji. Kewa ta kan kama ni har in ji abinci ya fita raina, sai in rama da aika kaya. Tunda ba zan iya zuwa ba, ai kayana sa je.

A tsakiyar shekarun tamanin kasuwar mai ta faɗi, aiki ya ja baya, kamfaninmu ya fara riƙe albashi. Ka je ofis a ce "bukra". Gobe ta yi a ce "bukra, in sha Allah". Wata ya bi wata. Fasfo yana hannunsu, ba ka isa ka bar aikin ba, ba ka isa ka koma gida ba.

Na fara canza hanya. Don kada in bi ta gaban Ammu Salim, wanda na sake tara wa bashi, sai in zagaya ta gonakin dabino na wajen Ƙuba. Don kada in haɗu da mai yadi, na sauya masallaci. Idan zan je Harami sai in shiga ta ƙofar da ta yi nisa da shagon Abu Faisal. Ƙofar Hajja kuwa da sassafe nake wucewa kafin ta fito. Garin da na yi kuka da na gan shi ya ƙanƙance min, ya koma 'yan lunguna kaɗan da zan iya bi.

Usman ne ya tare ni. Ya tsayar da tasinsa a gabana ya buɗe ƙofa, ya yi ta zuba Larabci ransa a ɓace. A lokacin na iya yaren, babu abin da ya wuce ni. Ya ce Abu Faisal ya aiko gida sau biyu. Ya ce uwarsa shekara arba'in tana ɗaukar buhun gyaɗa a wurin Ammu Salim ta biya bayan ta sayar, amma yanzu ta daina. Ba hana ta aka yi ba, ita ce ta ce ba za ta ɗora sabon bashi a kan sunan da ke ɗauke da tsoho ba. Da 'yan kuɗin hannunta take sayen mudu biyu. Ya ce in je in ga farantanta.

Na je. Faranti ɗaya ne a gabanta, shi ma bai cika ba. Na durƙusa na kasa ɗaga kai.

"Sannu da zuwa, baƙonmu," ta ce. "Daga wace ƙasa?"

"Inna, ki yafe min. Ba a biyanmu ne."

"Na sani. Duk Ƙurban an sani. Kana tsammani Salim bai san ba a biyanku ba? Rashin kuɗi ba abin kunya ba ne, ya waladi, ni na kwana da yunwa a garin nan. Abin da ya ɓata min rai canza hanyar da ka yi. Mai binka bashi idan yana ganinka kullum, hankalinsa a kwance yake ko ba ka ba shi komai ba. Ranar da ya daina ganinka, ranar ya fara zuwa ƙofata."

Ta sa na lissafo mata su duka da baki, wa da wa, nawa nawa. Ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba sai ranar, saboda tsoro. Da na faɗi na Abu Faisal sai da ta rufe ido.

"Keken ɗinki ne ya haihu haka?"

Na faɗa mata na agogo da fanka da sauransu.

"To ji nan. Daga yau ko allura ba za ka ƙara ɗauka ba. Ka je wurin kowa ka gaya masa gaskiya, ka faɗi abin da za ka iya, kada ka faɗi abin da zai faranta masa rai. Duk abin da ya shigo hannunka, ka sa wa kowa ɗan wani abu, ragowar ka tara a kan mafi ƙanƙanta har ya mutu, sannan ka koma kan na gaba. Bakunan da ke kiran sunanka su riƙa raguwa, ka samu numfashi." Na miƙe ina jiran ta ɗauki mayafi. Ta ce, "A'a. Wannan karon da taka fuskar za ka je."

Ban taɓa tafiya mai nisa irin ta daga ƙofarta zuwa baƙala ba, alhali ana hango wannan daga wancan. Ammu Salim ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Malesh, ba komai. Ka riƙa wucewa kana sallama kawai." Mai yadi ya yi faɗa, ya huce. Abu Faisal bai yi faɗa ba, murmushin ne kawai ya ɗauke. Ya ce shi bai san ni ba, Hajja ya sani.

Hajja ta baza labari a cikin matan unguwa cewa ɗanta yana gyaran firji da fanka. Bayan tashi daga aiki da ranakun Juma'a na riƙa bin gidaje da jakar kayan aiki. Wani gidan a ba ni kuɗi, wani a ba ni kwanon shinkafa, wata tsohuwa 'yar Chadi ta biya ni da addu'ar da ta fi aikin tsawo. Mai takalma ne ya fara fita daga wuyana. Ranar na bi ta gaban shagonsa sau uku ba don komai ba, don kawai in ji daɗin bin hanyar.

Abin da ya fi wuya shi ne zuwan alhazai. A shekarar Alhaji Sabo aminin mahaifina ya zo, har ya bar fili a jakarsa saboda ni. Na miƙa masa ƙullin dabino.

Ya juya shi a hannu ya ce, "Mamuda, sauran suna ɗaki ne?"

"Shi ke nan, Baba."

"Wannan zan kai wa mahaifinka? In ce masa me?"

"Ka ce masa bashi ake bina, ina biya."

Ya dube ni kamar na zage shi. Na san kafin ya kwance jaka labarin ya gama Kazaure, kuma haka aka yi. Kaset ɗin da ya biyo baya gajere ne, dangin da ke bin layi duk sun yi ƙaura. Mahaifina ya ce Allah ya rufa asiri, bai ƙara ba. Sai can ƙarshe muryar Hanne, ƙasa-ƙasa, da alama ta shiga ɗaki da rediyon ne. Ta ce, "Malam, keken nan na iya shi, ni na ɗinka wa rabin unguwa kayan sallah. Ba ma rasa na cefane. Kada ka ƙara aiko komai. Asma'u tana tambaya ko babanta mutum ne ko rediyo. Kai muke so." Na kashe, na daɗe a zaune a soron.

Sannu a hankali kamfani ya dawo da biyan rabin albashi. Mai yadi ya fita. Ammu Salim ya fita, kuma washegari na ga buhun gyaɗa a ƙofar Hajja, farantai uku sun dawo. Saura Abu Faisal, babban dutsen. Ina kai masa kowane wata, wannan karon ba na ɗaukar komai, na ga jimlar ta fara sauka da gaske. A gefe kuma ina tara kuɗin jirgi, don kamfani ya ce zai ba ni hutu da fasfo amma tikiti sai dai in yi da kaina. Hajja ce ma ta ce in tara. Ta ce, "Je ka 'yarka ta ga kana da ƙafafu. Abu Faisal ba gudu zai yi ba, ni ma ina nan."

Kuɗin jirgin sun cika ana saura kaɗan azumi. A cikin azumin ta kwanta. Ciwon ba mai hayaniya ba ne, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, aka kai ta asibiti aka dawo da ita. Kullum bayan la'asar nakan shiga in gaishe ta, ta tsokane ni, ta tambayi me zan kai wa Asma'u. Ko sau ɗaya ba ta ambaci Abu Faisal ba.

Wata rana ina fitowa Usman ya biyo ni waje. Ya buɗe tafin hannunsa, sai ga awarwaron zinariya guda biyu sirara, na aurenta. Ya ce ta ba shi ya sayar ya kai wa Abu Faisal, kuma ta hana shi gaya min, don kada in fasa tafiya. Ya ce shi ma tasin nan bai gama biyanta ba, da ya biya da kansa. Sai ya yi abin da ban taɓa jin ya yi ba, ya lalubo Hausa da kyar ya ce:

"Inna... tana tsoro."

Na ce ya mayar mata da awarwaronta.

Ba zan ce ban yi jayayya da zuciyata ba. Na zaro kuɗin daga cikin matashi na riƙe su, ina ganin Hanne a ƙofar gida, ina ganin yarinyar da muryarta kawai na sani. Na ji haushin Abu Faisal, na ji haushin alhazai, na ji haushin mai farar jallabiyar Jidda, duk da na san babu ɗayansu da ya riƙe hannuna ya sa na ɗauki fanka. Sannan na sa takalmi na hau bas.

Na zube kuɗin a kan teburin Abu Faisal. Ya ƙirga, ya ce ba su kai ba, da saura kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Na ce, "Na sani. Kuɗin jirgina ne, ba ni da wasu. Hajja tana kwance, ba ta da tabbacin ganin sallah. Ka cire sunanta. Ragowar ka bar shi a kaina ni kaɗai."

"Kai wa zai tsaya maka?"

"Babu kowa. Ka san inda nake aiki, ka san ɗakina. Tun ranar da na dawo na gaya maka gaskiya, wane wata ne ban zo ba?"

Ya daɗe yana kallona. Ban san me ya gani ba, mutumin da ya ce bai san ni ba. Can ya ja aljihun tebur ya zuba kuɗin ya ce, "Halas. Ala wajhak." Wato a kan fuskarka.

Na ce, "To taso mu je ka faɗa mata. Da bakinta ta ɗauka, da bakinka za ka sauke."

Ya yi mamakin ƙarfin halina, ni ma na yi. Amma ya rufe shagon ana tsakiyar cinikin azumi, na aika aka kira Usman, muka shiga tasinsa. A gidan ya tsaya bayan labule ya yi sallama, ya ɗaga murya ya ce ya shaida wa Allah ba ya bin Hajja Khadija komai, na lamuni ko na kanta, wuyanta ya kuɓuta duniya da lahira.

Sai muka ji ta ce, "Mamuda, shigo."

Na shiga na durƙusa a gefen gadon. Hawaye na bin gefen fuskarta zuwa kunne, amma bakin nan nata bai mutu ba.

"Kai ɗan banza, jirgin ka sayar?"

"Wani zai tashi baɗi, Inna."

Ta lalubo kaina ta dafa. Hannun ba nauyi. Ta ce, "Allah ya kai ka ka ga 'yarka. Allah ya sa ta yi maka abin da ka yi min." Daga nan ta ce a ba baƙo dabino idan an sha ruwa, kada a ce an zo gidanta an fita haka.

Bayan sallah da 'yan kwanaki ta rasu, da hantsi. Ni kuwa sai da shekara ta zagayo na ga Asma'u, ta ɓuya a bayan uwarta ta ƙi zuwa, sai da na yi magana ta gane muryar.

Ranar rasuwar, da aka gama shirya Hajja aka fito da makara ƙofar gida, lungun ya cika. Hausawa, Larabawa, 'yan Chadi, mutanen da ta tsaya wa a shaguna shekara da shekaru, wasu ban taɓa sanin ita ta buɗe musu ƙofa ba. Usman ya tsaya a gaban makarar, ya yi tambayar da ake yi. Ya ce duk wanda ke bin mahaifiyarsa wani abu, nata ko na wanda ta tsaya wa, don Allah ya faɗa yanzu kafin a ɗaga ta.

Na dubi Ammu Salim, carbinsa kawai yake ja. Na dubi mai yadi. Na dubi Abu Faisal, ya harɗe hannuwa a baya yana kallon ƙasa. Usman ya sake tambaya, ya sake ta uku. Babu wanda ya yi ko tari.

Na sa kafaɗata a ƙarƙashin makarar, muka ɗaga ta muka nufi Harami.